Sunan da Gwaggo Ta Hana Sakkwato

Daga Allah muke, kuma Gwaggo ta riga mu komawa gare shi. Ta rasu da hantsi a gidanta na Birnin Kebbi bayan jinyar da ta cinye mata damina guda, aka kai ta makwancinta kafin La'asar. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da kunnena ya jiyo a zaman makoki ne ya hana ni yin shiru.

Mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Akwai wadda Gwaggo ta taɓa karɓo wa 'ya'yanta daga hannun dangin miji, ta zo daga Ambursa a bayan babur, tun daga zaure ake jin kukanta. Akwai wata da ta ɗauki tsintsiya ta hau shara. Waɗannan ba ni da magana da su. Maganata da masu zuwa su durƙusa, su karya murya, su ce, "Allah shi jiƙan ta, Allah shi yahe mata abin Argungu." Ta farko na haɗiye. Ta biyu na kau da kai. Da abin ya yi yawa sai na gane ashe ya zama cikon addu'a ne a garin, kowa da shi yake rufe baki. Raina ya ɓaci har na kasa amsa gaisuwa.

Abin Argungu, ga wanda bai sani ba, wata yarinya ce da ta nutse a ruwa bayan ofishinmu na kula da iyali ya mai da ta hannun kakarta. Gwaggo ce shugabar ofishin a lokacin. Gari ya yanke hukunci cewa sakacinta ne, shi ya sa aka sallame ta daga aiki. Da wannan tabon ta ƙarasa rayuwarta, da shi aka binne ta.

Tun ranar da aka dawo daga maƙabarta babban ɗanta ya tare ni a bayan ɗakin girki. Taubashina ne, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ranar babu wasa a fuskarsa. Ya ce, "Ke kin san su wa sunka tahi duba gidan kakar yarinyag ga. Ki hwaɗi, a wanke uwata. Ta rufa maku asiri tana da rai, yanzu kuma ku bar ta cikin kabari da laihin wani?"

Na ce ya bari a yi sadakar uku. Na san yana da gaskiyarsa.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ni na jawo mata sunan a wurin aiki, domin ranar da na fara na kasa ce mata Hajiya, bakina ya suɓuce na ce Gwaggo, kowa ya ɗauka, har Baba direba da ya girme ta. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, da tabarau ɗaure da zare a wuya wanda kullum take nema alhali yana ƙirjinta. Ba ta da sanyin hali, kada wani ya yi mata ƙarya don ta mutu. In ka makara sai ta dubi rana, ta dube ka, ta ce, "Sannu da zuwa, maigida." Wanda ta taɓa yi wa wannan sannun ba ya so a maimaita masa.

Abin da ya bambanta ofishinta da kowane ofishi a lardin nan wata tabarmar kaba ce, babba, da ake shimfiɗawa a gindin dogon yaro kullum bayan Azahar. Kowa sai ya zauna: ni, da Anti, wata Kirista daga Filato da aiki ya kawo mijinta garin nan, da malamai biyu maza, da Baba direba, da Iya mai shara. Gwaggo ta cire takalmi ta zauna a ƙasa kamar kowa. A nan ake cin abinci, a nan kuma duk wanda ya fita duba wani gida zai faɗi abin da ya gano. Aikinmu kuwa ganin abin da ke hana ci ne, yaro da shatar bulala a baya, mace da aka kora da goyo, tsoho da 'ya'ya suka watsar. Takan ce, "Aje shi nan. Ba a kai kukan mutane gida, ɗiyanku ba su yi maku laihi ba."

Ba don hira kaɗai aka yi tabarmar ba. Duk shawarar da ta shafi yaro, a kai shi nan ko a bar shi can, a kanta ake yanke ta, kuma sai kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Har Baba direba, domin Gwaggo ta ce yayin da muke cikin gida ana yi mana fara'a, shi yana waje yana jin abin da maƙwabta ke faɗi. Ba a zuwa gida mutum ɗaya, sai biyu. In an dawo an baje magana an yanke, shawarar ta tashi daga ta wane ta koma ta tabarma. Duk abin da za a aika wa manyanmu na Sakkwato, hedikwatar jiharmu a lokacin, ita kaɗai ke sa hannu.

Faɗa kuma ba ta yi wa ma'aikaci a gaban mutane. In ka yi ba daidai ba sai ta leƙo ta ce, "Zo mu duba tayam mota." Ku zagaya bayan tsohuwar motar ofis, ta wanke ka tas, ku dawo tana tambayarka lafiyar yara. Baba direba ya sha cewa babu motar da ake duba wa taya a jihar Sakkwato kamar tasa, amma ko sau ɗaya ba a sa mata iska ba.

Na tuna wani sabon malami da aka turo mana. Ranar farko ya ga Anti ta sa hannu a tiren da ake ci, sai ya janye nasa ya ce ya ƙoshi. Kowa ya gane. Anti ta yi kamar ba ta gani ba. Gwaggo ta bari sai da aka tashi, sannan aka je duba taya. Ban san abin da ta gaya masa ba. Abin da na sani, wata guda cur ta haɗa shi fita da Anti, har ranar da wani magidanci a Zauro ya ɗauko masa taɓarya, Anti ta shiga tsakani ta yi ta ba mutumin haƙuri da sunan mahaifiyarsa har ya sauke. Daga baya malamin nan shi ke ware wa Anti kan kifi in mota ta dawo daga Argungu.

To, ga yadda abin Argungu ya faru, tunda kowa ya iya faɗinsa ban da mu da muke wurin.

Yarinyar marainiya ce, ba ta kai shiga makaranta ba. Uwarta ta rasu a asibiti a nan garin, uban ya bi kamun kifi can ƙasan Yawuri ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Muka ajiye ta wurin wata mata mai riƙon yara. Sai kakarta ta wajen uwa ta zo daga wani ƙauyen masunta a hayin Argungu, ta zauna a ƙofar ofis ta ce jikarta ta zo ɗauka. Aka tura mutum biyu su duba gidan. Suka dawo suka ce gida ne na rufin asiri, akwai rumbu, akwai 'yan'uwa, kuma kakar tana son yarinyar kamar ranta. Baba direba ya ce da damina ƙauyen sai da kwalekwale. Aka juya maganar, aka juya. Iya mai shara ta ce in don ruwa ne, sai a kwashe yaran fadamar Rima gaba ɗaya. Aka yi dariya, aka yanke a mai da ta. Ina cikin masu cewa a mai da ta, kuma ko gobe aka sake shimfiɗa tabarmar haka zan ce.

Yarinya ta yi rani guda a hannun kakarta. Da ruwa ya cika fadama, ranar wata kasuwa, kwalekwalen da suke ciki ya kife. Aka ceto kakar, yarinyar sai washegari aka gan ta.

Lokacin nan soja ke mulki, ana ta tankaɗe da rairaya a ma'aikatu, kowane babba yana neman wanda zai miƙa don a ga yana aiki. Sai ga wani jami'i daga Sakkwato da farar mota. Bai tambayi sunan yarinyar ba. Wallahi bai tambaya ba, ina tsaye. Ya zauna a kujerar Gwaggo, ya bar ta a tsaye, ya ce suna yake so, wa ya je ya duba gidan ya ce ya yi. Kowa ya san abin da suna ke nufi. Kora ce, kuma a gari irin namu wanda aka kora a kan ran yaro ya gama shiga gidan mutane har abada.

Gwaggo ta ce a shimfiɗa tabarma, baƙo ya zo ya ji daga bakin kowa. Ya ce shi ba zaman ƙauye ya kawo shi ba. Ya yi ta kiranmu ɗaya bayan ɗaya yana rufe ƙofa, wannan ya yi masa barazana, wancan ya yi masa alkawari. Bai samu komai ba. Daga ƙarshe ya koma kanta, ya sassauta murya, ya ce, "Hajiya, ke ba ki da laihi. Suna ɗai nika so, ki ci gaba da aikinki. Wa at tahi?"

Ta nemo tabarau a ƙirjinta, ta sa, ta dube shi. Ta ce, "Tabarma at tahi. In kana son mai tabarma, ga ni."

Kafin a girbe shinkafa takardar sallamarta ta iso.

A nan ne ni da Gwaggo muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na bi ta gida, na ce ta kai ƙara, ta je Sakkwato ta tsaya a gaban manya, ko kuwa ta bari mu duka mu ajiye aikin a ga yadda za su yi. Ta ce in muka ajiye, wa zai je Zauro gobe. Na ce mata taurin kai ne, kuma son a ce ta isa ne. Ta ce, "Ke ɗiyata, ran da nib ba da suna guda, wa ka sake dawowa shi hwaɗa min gaskiyar abin da yag gani? Kowa na zuwa da labarin da ba shi jawo mai kora." Na ce to yanzu da kika tafi wa zai saurari gaskiyar? Na fita na bugo mata ƙofa, na yi watanni ban taka gidan ba. Ita ta aiko mini da kifi busasshe da saƙon wai a gaya wa maigida ta gaishe shi. Na gane da ni take, na je, muka shirya, amma har yau ban yarda cewa shirun da ta yi wa Sakkwato daidai ne gaba ɗayansa ba. Suna kam ta yi daidai da ta hana. Bakinta ne da bai kamata ta rufe ba.

Wanda aka kawo a madadinta, satinsa na farko ya sa aka naɗe tabarmar aka jefa sito, wai ofishin gwamnati ba dandali ba ne. Yanzu kowa da teburinsa da kwanon abincinsa a aljihun tebur. Kowa shi kaɗai yake fita, shi kaɗai yake sa hannu, in abu ya ɓaci shi kaɗai ake kira. Kun san abin da ya haifar? Babu mai yarda ya ce a mai da yaro ga danginsa. Yara na nan jibge a gidajen riƙo suna girma ba su san kakanninsu ba, domin wanda ya bar yaro inda yake ba a tuhumarsa. Anti, wadda ta iya tsayawa gaban taɓarya, na gan ta da idona tana kuka ita kaɗai a bayan mota, babu ko mai ce mata aje shi nan. Wannan ɓarnar ba wanda ya zo daga Sakkwato ya tambayi wa ya yi ta.

Ranar sadakar uku aka aiko ana kirana a zaure, wai wani Alhaji daga Sakkwato yana son ya yi wa ma'aikatan marigayiya ta'aziyya. Ina shiga na gane shi, jami'in nan ne mai farar mota. Ya yi furfura, ya ajiye aiki, ga carbi a hannu. Taubashina yana zaune gefensa. Alhajin ya yi ta yabon Gwaggo, wai mace mai kamar maza, wai jihar ta yi rashi. Sannan ya sunkuyo ya ce, "Yanzu dai ta wuce, babu abin da za a yi ma kowa. Don Allah wa at tahi gidan ga? Abin na damuna."

Ashe har yanzu sunan yake nema. Yarinyar dai bai tambayi nata ba.

Na ce, "Alhaji, an ba ka amsa tun wancan lokaci. Ba ta tsufa ba."

Ya yi 'yar dariya ya miƙe. Taubashina ya biyo ni cikin gida yana huci, yana cewa mun fi ƙaunar junanmu da uwarsa, ko a gaban mutuwa ba za mu ji kunya ba. Mata suka zuba mana ido, har da masu addu'ar abin Argungu. Anti tana bakin murhu da ludayi a hannu, malaman nan biyu da Baba direba suna ƙofar zaure suna ji.

Sai wata tsohuwa da ke zaune a jikin bango ta ɗaga murya. Ta zo tun da safe da ƙullin kifi, ba wanda ya kula da ita. Ni ma sai da ta yi magana na shaida ta. Kakar yarinyar ce.

Ta ce, "Kai na ɗanta?"

Ya ce shi ne.

Ta ce, "Zamna." Ya zauna. Ta ce, "Ɗiyag ga hannuna ta kuɓuce, ba hannun uwarka ba. Ni nir roƙa anka ba ni ita, kuma ta ci tuwona, ta kwana bayana, ta san tana da dangi kahin Allah shi amshi abinai. Uwarka kuwa, duk damina in ruwa ya cika sai ta shigo jirgi ta zo ta wuni da ni. Tsoron ruwa taka yi, ta runtse ido tana salati har a kai gaci, amma ba ta taɓa hwashi ba sai bana."

Taubashina ya dube ni. Shi da ni duk mun ɗauka sayen kifi ke kai ta Argungu.

Can ya ce, a hankali, "Kaka, to ke kin ga waɗanda sunka zo duba gidanki?"

Ta ce, "Na gan su mana. Ni nid dama masu hura."

"Wani ya taɓa zuwa daga Sakkwato ya tambaye ki?"

"Wa ka ƙetare ruwa don ni? Uwarka ɗai."

Ku ji fa. Mutumin da ya rufe mu a ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ya raba mace da aikinta, ya bar gari yana cin namanta har kabari, kwalekwale guda ne tsakaninsa da amsar da yake nema. Bai shiga ba. Bai ga matar da ta rasa jika a matsayin wadda ta isa a je a gaishe ta ba, balle a tambaye ta. Yana can ƙofar gida a lokacin ana buɗe masa mota.

Taubashina ya ce, "To su wane ne, Kaka?"

Tsohuwar ta ɗaga kai. Ta dubi Anti, ta dube ni, ta dubi ƙofar zaure inda mazan suke tsaye, duk da irin kallo ɗaya. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Uwarka ta ce tabarma ta. Ni ma tabarma nig gani."

Bai sake tambaya ba. Ya tashi ya kawo wa tsohuwar ruwa da kansa. Da yamma ya same ni ya ce ina tabarmar take. Na ce tana sito, ɓeraye sun ci gefe guda. Ya ce a ɗauko, ranar addu'ar bakwai a kanta ma'aikatan uwarsa za su zauna. Baba direba ya je ya ɗauko ta ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Wanda ya karanta wannan yana jiran in faɗi suna, ya yi haƙuri, ba zai samu ba. Kada ya ce ni ce don na ɓoye, kada kuma ya ce ba ni ba ce.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya ƙetarar da ita lafiya kamar yadda ta yi ta ƙetarawa don wata. Ya yafe mata kurakuranta, tana da su kamar kowa, na san wasu. Amma masu roƙa mata gafarar abin Argungu, ku riƙe addu'arku. Akwai wanda ya fi ta bukata, ya koma Sakkwato da farar mota.